Awa Biyu, Littafi Guda: Yadda Cibiyar 826 Valencia Ke Sa Yara Rubuta Labari

A shekarar 2002 marubuci Dave Eggers da wata malamar makaranta mai suna Nínive Calegari suka kafa cibiyar koya wa yara rubutu a gida mai lamba 826 da ke titin Valencia, unguwar Mission, a birnin San Faransisko na Amurka. Lambar gidan da sunan titin su suka zama sunan cibiyar. Tana karɓar yara daga shekara 6 zuwa 18, ba a biyan ko sisi, kuma mafi yawan masu zama da yaran 'yan sa-kai ne: marubuta, editoci, ɗaliban jami'a, da mutanen da suka yi ritaya.

Matsalar da ta haifi cibiyar ta lissafi ce. A jawabin da Eggers ya yi a 2008, shekarar da aka ba shi lambar yabo ta TED, wata ƙungiya mai shirya tarukan jawabai, ya ce abokansa malamai suna shiga aji biyar a rana, kowane aji da ɗalibai 30 zuwa 40, kuma da yawa daga cikin yaran ba Turanci ake yi a gidajensu ba. A Mission, Sifaniyanci ne harshen gida na iyalai masu yawa. Malamin da ke da ɗalibi 150, in ya ce zai ba kowanne minti goma kacal a mako su duba abin da ya rubuta, awa 25 ke nan, ban da koyarwar kanta. Rubutu kuwa ba ya gyaruwa daga gaban allo. Sai wani ya ja kujera kusa da yaro, ya karanta layinsa, ya tambaye shi me yake nufi a nan. Malaman sun san da haka sarai, hannun yin aikin ne ba su da shi. A gefe guda kuma birnin cike yake da masu cin abinci da alƙalami, waɗanda ke da awa biyu ko uku na rana da za su iya bayarwa. Cibiyar ta zo ne ta haɗa waɗannan da waɗancan.

Da aka kama hayar ginin, mai gidan ya ce dokar tsarin gari ta ware wurin don kasuwanci, saboda haka dole a riƙa sayar da wani abu. Da aka ɓamɓare tsohon kwaskwarimar ginin, katakon ƙasa da ginshiƙai suka fito, sai wani ya ce ai wurin ya yi kama da cikin jirgin ruwa. Daga nan aka buɗe shagon kayan 'yan fashin teku irin na labaran Turawa: ƙyallen rufe ido ɗaya, ƙafar katako, idon gilashi. Shago a gaba, ɗakin rubutu a baya, tare da ofishin McSweeney's na wancan lokaci, kamfanin buga littattafai na Eggers. Abin da aka yi don cika sharaɗin doka sai ya zo da riba biyu. Cinikin shagon ya kai yana biyan kuɗin haya. Sannan yaron da zai ji kunya a gan shi yana shiga inda ake taimakon masu rauni a karatu, ba ya jin komai in an gan shi ya shiga shagon wasa.

Farkon al'amarin dai bai yi armashi ba. An kafa allon talla a bakin titi cewa ana koyar da yara kyauta, 'yan sa-kai suka zauna suna jira, makonni suka shuɗe ba yaro ko ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: babu uwar da za ta tura ɗanta bayan shagon 'yan fashi, wurin mutanen da ba ta sani ba, don kawai ta ga allo a titi. Abin ya sauya ne da Calegari, wadda ta san makarantu daga ciki, ta kama ragamar cibiyar, ta shiga magana da malamai da iyaye. Malami ne ke kawo yara, kuma duk wanda ya tsallake shi zai wuni da kujeru.

Yaran da ke zuwa yin aikin gida sai an tashi makaranta suke isowa, ɗakin kuma yana zaune haka nan da safe. Don cike wannan gurbi aka fito da shirin da wannan nazari ya fi damuwa da shi: aji guda na firamare ya zo da malaminsa, cikin kamar awa biyu su ƙirƙiri labari tare, kowane yaro ya koma gida da littafi ɗinkakke mai ɗauke da sunansa.

Yadda zaman ke gudana

Manya huɗu ne ke riƙe da zaman. Akwai mai jan ragama, wanda ke tsaye gaban yaran yana jefa tambayoyi. Akwai mai bugawa a kwamfuta, majigi yana haska abin da yake bugawa a bango, yara suna kallon maganarsu tana zama rubutu nan take. Akwai mai zane da babbar takarda, yana zana abin da yara ke faɗa a gabansu. Na huɗun ba a ganinsa, muryarsa kawai ake ji. Shi ne edita, mai gidan ɗab'in. A San Faransisko an taɓa kiransa Mista Blue, a reshen Michigan Dokta Blotch, a Los Angeles kuma Barnacle. Mutum ne mai ɗacin rai da ke cewa bai yarda yara za su iya rubuta abin kirki ba, yana kuma barazanar korar ma'aikatansa in ba su kawo masa sabbin labarai kafin lokaci ya cika ba. Bayan waɗannan huɗun akwai sauran 'yan sa-kai da za su zauna da yara a tebur in an rabu.

Wannan editan ba ado ba ne. Yaro ya saba rubutu don malami ya duba ya sa maki, kuma tsoron jan biro shi ke fara ɗaure masa hannu. Editan ya ɗauke tsoron daga kan yaro ya mai da shi wasa: yanzu akwai wanda ya raina ajin gaba ɗaya, dole a ba shi kunya, kuma akwai manyan da aikinsu ke hannun yaran. Ya ba su mai karatu, ya ba su wa'adi.

Ana fara gina labarin da tambayoyi ƙalilan. A cibiyar Fighting Words ta Dabilin, babban birnin Ireland, wadda marubuci Roddy Doyle da Seán Love suka kafa a 2009 bisa wannan tsari, tambayoyin su ne: wane ne tauraron labarin, wane ne amininsa, me yake buri fiye da komai, me kuma ya fi tsoro. Kan kowace tambaya ana karɓar shawara kamar uku, sannan a kaɗa ƙuri'a idanu a rufe. Rufe idon yana da muhimmanci. In idanu a buɗe suke, yara ba ra'ayi suke zaɓa ba, mutum suke zaɓa. Duk inda mai farin jinin aji ya ɗaga hannu nan za a bi, yarinyar da ta kawo shawara mafi daɗi kuma ta ga hannu biyu kacal, ba za ta sake magana ba har a tashi. Gwanin jan ragama yakan kuma ɗinke shawarwari biyu wuri guda in ya ga hali, don kada wanda ya faɗi ƙuri'a ya janye jiki.

Doka ɗaya ce ba a sassautawa: ba a aro tauraro daga fim ko katun ko wani littafi. Shawarar farko da yara ke kawowa kusan kullum ta aro ce, domin ita ce a bakin ƙwaƙwalwa. Ba a tsawatar wa yaron. Ana ce masa wannan yana da mai shi, edita ba zai karɓa ba, amma me ya fi burge ka a jikinsa? In ya ce yana tashi sama, sai a riƙe tashin a nemi wani abin daban da zai yi shi.

Ga misali namu na yadda abin ke ɗaukar siffa. A ce aji ya zaɓi wani warin takalmi, ƙafar hagu, da aka bari a ƙofar masallaci bayan an watse daga sallar Juma'a, wani ya tafi da ɗan'uwansa bisa kuskure. Burinsa ya gano ƙafar dama. Tsoronsa a jefa shi bola. Amininsa wata tsohuwar buta ce mai yoyo, wadda ta daɗe a wurin har ta san ƙafar kowa a unguwar. Mai jan ragama ba zai ce “to, sai mu rubuta” ba. Zai ce, “Wa zai ba mu jimlar farko?” Yaro ya faɗa, mai bugawa ya buga ta yadda aka faɗe ta. Sai tambaya ta biyo baya: da wace irin murya buta ke magana? Me takalmin ya ji a jikinsa da rana ta take? Bayan kowace jimla huɗu ko biyar a karanta daga farko da ƙarfi, don yaran su ji da kunnensu inda labarin ya yi tsalle.

A nan ne mai bugawa ke yawan ɓata aiki da kyakkyawar niyya. Yaro ya ce “butar ta yi tsaki, ruwa ya tsiyaye mata ta gefe,” shi kuma ya ga zai fi kyau a ce “butar ta nuna ɓacin ranta.” Yaron yana kallon bango, ya ga ba abin da ya faɗa ba ne, sai ya fahimci cewa maganarsa ba ta isa shiga littafi ba sai babba ya wanke ta. Ga shi kuma jimlar yaron ta fi ta babban rai nesa ba kusa ba. Aikin mai bugawa ya sa aya da waƙafi, ya rubuta kalmomi daidai, ya bar sauran. In jimla ba ta fita ba, a mayar wa ajin su gyara da bakinsu.

Wannan kashin bai kamata ya wuce minti 40 zuwa 45 ba, kuma shafi ɗaya ko ɗaya da rabi ya isa. In ya zarce haka ƙananan yara sun fara mutsu-mutsu, sai mutum biyar ɗin da ba sa gajiya da magana su ci gaba da labarin su kaɗai.

Sai a tsaya, kuma inda ake tsayawa shi ne gwanintar shirin duka. Ana kai labarin daidai inda ya ɗau zafi, a ɗauke hannu. A misalinmu: mai shara ya turo baronsa ya nufo ƙofar masallaci, a daidai lokacin kuma takalmin ya hango ɗan'uwansa a ƙafar wani baƙo da ke shirin hawa babur. Nan za a ce wa yara kowa ya koma tebur ya rubuta abin da ya faru.

Rabin labarin nan da aka yi tare shi ne matashiyar, wato abin da ake ba yaro ya ɗora rubutunsa a kai, kuma ta fi kowace irin matashiya da za a rubuta a allo ƙarfi. A kwatanta ta da abin da aka saba ba yara: “Rubuta insha'i a kan makarantarku,” ko “Yadda na yi hutuna.” Waɗannan ba su da wanda ke son wani abu, ba su da abin da ya tare masa hanya, don haka yaro ba ya da dalilin rubuta jimla ta biyu bayan ta farko, sai ya jera abin da ya san malam na so ya gani. “Rubuta duk abin da kake so” ta ma fi su wuya, domin yaro ɗan shekara takwas da aka ba farar takarda da duniya gaba ɗaya bai san ta inda zai kama ba. Matashiya mai aiki ƙuntatacciya ce. Tana ba da wani, tana ba da abin da yake so, tana ba da cikas, sannan ta bar ƙofa ɗaya a buɗe wadda amsarta ba ta wurin malami. Ko a jimla biyu ana iya yin haka: “Akuyar maƙwabtanku ta wayi gari tana magana, amma magana ɗaya take ta maimaitawa. Me take cewa, kuma wane ne a gidan ba ya so a ji?” Yaron da ya ji wannan ya riga ya fara tunanin wanda ya yi laifin.

Ana iya kuskure wurin tsayawar ta fuska biyu. In an tsaya da wuri, kafin matsala ta nuna, yara sai su ci gaba da bayyana tauraron ba tare da komai ya faru ba. In an makara har mafita ta leƙo, a ce wani ya riga ya faɗa da ƙarfi cewa buta za ta jiƙa ƙasa babur ya zame, to za a samu ƙarshe iri ɗaya guda talatin. Da zarar yara sun fara ɗaga hannu da zumuɗi suna “na san abin da zai faru,” lokacin rufe baki ya yi, kowa ya kai nasa takarda.

A kan tebur

Minti 25 zuwa 30 ake buƙata a nan, da babba ɗaya kan yara huɗu ko biyar. In suka fi haka, mai shiru-shirun teburin ba zai samu ko tambaya ɗaya ba. Aikin babban tambaya ne kawai, kuma riƙe kai daga ba da amsa ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Ga yadda zance mai kyau ke tafiya da yarinyar da ta rubuta layi ɗaya ta ajiye fensir:

“Malama, na gama.”

“Karanta min in ji, 'yar ƙanwata.”

“Sai takalmin ya gudu ya samu ɗan'uwansa. Ƙurunƙus.”

“Madalla, ya same shi. Amma ni abin da ya ɗaure min kai, ƙafa ɗaya ce fa, ba mai sanye da ita. Yaya ta yi ta gudu?”

“Ai kare ne ya ɗauke ta a baki.”

“Kare! Daga ina ya fito?”

“Na mai shayi ne. Buta ce ta kira shi.”

“To wannan ba ya cikin takardarki, kuma edita bai san da shi ba. Rubuta shi yadda kika faɗa min yanzu.”

Duk abin da ya shiga labarin daga bakin yarinyar ya fito. Da malamar ta ce “me zai hana kare ya zo ya ɗauke shi,” da an samu shafi cike, amma yarinyar ta san ba nata ba ne, kuma gobe in ba malama a kusa za ta koma layi ɗaya.

Akwai ƙarshe iri uku da ke fitowa a kusan kowane aji: tauraro ya farka ashe mafarki ne, ko wani abu ya fashe kowa ya mutu, ko kuma a jimla ɗaya komai ya daidaita aka zauna lafiya. Dukansu hanyar tserewa ce daga matsalar da yaron bai san yadda zai warware ba. Hana su ba ya amfani. Abin da ke amfani a mayar da yaron baya taki ɗaya: kafin ya farka, me ya gani na ƙarshe? Wa ya tsira, me ya fara yi? Sau da yawa ainihin labarin yana cikin wannan takin da ya tsallake.

Ba a gyara kuskuren rubutun kalmomi a wannan zama. Yaron da aka tsayar sau uku a layin farko kan harafi zai koma amfani da kalmomin da ya tabbata ya iya rubutawa kawai, labarin ya tsuke ya zama na ɗan aji ɗaya. In ya tambayi yadda ake rubuta kalma, a rubuta masa a 'yar takarda a gefe, a wuce. Wanda hannunsa bai kai ba tukuna, ya faɗa babba ya rubuta masa kalma da kalma, ko ya fara zana abin da ya faru sannan a tambaye shi me ke cikin zanen. Gyara yana da ranarsa, amma sai an sami abin gyarawa.

Yayin da yara ke kan tebur, a bayan fage ana buga rabin labarin da aka yi tare da zanen mai zane, ana haɗa kwafin kowa. Littafin yana da bango, da shafukan da aka buga, da shafukan da yaron ya rubuta ƙarshensa da hannunsa, da shafin marubuci mai hotonsa, wanda ake ɗauka tun isowar ajin. Firinta ita ce inda zaman ya fi yawan maƙalewa. Bango da shafin marubuci a gama su tun kafin yara su koma tebur, a bar shafi biyu ko uku kawai da za a buga cikin rabin awar nan.

Daga ƙarshe ana kai wa edita labaran, muryarsa ta dawo, ya sauko daga fushinsa ya amince a buga. Abin da ke sa wannan ya yi tasiri shi ne ya kira sunan kowane yaro ya ambaci wani abu takamaimai daga rubutunsa: karen mai shayi, ko tsakin buta. “Ya yi kyau” sau talatin ba yabo ba ne, yara ma sun sani. Don haka kowane babba a tebur ya rubuta sunan yaro da layi ɗaya daga labarinsa a miƙa wa edita, a kuma ƙirga sunayen da rajistar malami, domin yaro ɗaya da aka manta zai tafi da abin a ransa fiye da yadda sauran za su tafi da murna. Daƙiƙa 30 kan kowane yaro a aji mai 30 minti 15 ke nan, a ware su tun farko. Fushin editan kuma kan manya yake sauka ko kan yara a dunƙule, ba ya taɓa nufar yaro guda, kuma in 'yan shekara shida ne a rage masa kaushi, don akwai wanda muryar da ba ya ganin mai ita za ta sa shi kuka.

Bayan awa biyun

Zama guda ba ya mai da yaro marubuci, cibiyar ma ba ta tsaya nan ba. Tana tura 'yan sa-kai cikin makarantu bisa buƙatar malami, kuma makarantar Everett ta ba ta ɗaki sukutum inda ɗalibai ke fitar da jaridarsu. Ga manyan ɗalibai akwai aikin littafi na watanni. Marubuciya Isabel Allende ta ɗauki nauyin wani da ɗaliban sakandaren Thurgood Marshall suka yi kan zaman lafiya a duniyar da tashin hankali ya yi yawa, kuma Eggers ya ce masu sa-kai kusan 170 ne suka yi aiki da su. Abin da ya lura da shi shi ne ɗaliban sun yarda su sake daftari sau da yawa, abin da ba sa yi wa aikin aji, saboda sun san littafin zai fita, baƙi za su karanta, zai kuma zauna a kanta da sunansu. A 2009 an buga littafin wasiƙun da yaran 826 Valencia da rassanta suka rubuta wa Barack Obama da ya hau mulki. Matashiyar ba ta wuce a ba sabon shugaban shawara ba, amma wanda ake rubuta wa mutum ne na gaske. A 2014 kuma cibiyar ta fitar da littafi mai matashiya 642 na yara. Irin wannan littafi yana da amfani ga malamin da dabara ta ƙare masa, sai dai in aka miƙa wa yaro shi kaɗai, ba mai tambayarsa ba mai jiran karantawa, shafi kaɗan zai cike ya ajiye.

Tsarin ya yaɗu. An buɗe reshen Brooklyn a 2004 da shagon kayan jarumai masu tashi sama, aka kafa uwar ƙungiyar rassan ta Amurka baki ɗaya a 2008, Nick Hornby da abokan aikinsa suka buɗe Ministry of Stories a Landan a 2010 da shagon kayan dodanni, Sidni ta Ostareliya ta bi a 2012. Shagunan su suka fi ɗaukar ido, amma a ganinmu su ne abin da ya fi sauƙin bari. Abin da ba a iya bari shi ne yawan manya. A 2008 Eggers ya ce suna da masu sa-kai 1,400 a rajista, kuma sai da irin wannan dogon jeri ake samun mutum takwas da za su iya fitowa ranar Talata da hantsi. Wannan shi ne raunin tsarin: ya fi sauƙi a birni mai mutanen da ke da sararin ba da lokaci kyauta. Ana kuma bincikar bayanan duk mai sa-kai kafin a haɗa shi da yara, kuma ƙa'ida ce da bai kamata kowa ya sassauta ba cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki.

A wajenmu tallafin sabon marubuci ya fi zuwa ta hanyar gasa, tun daga ta ƙagaggun labaran Hausa wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 har zuwa Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Gasa ta yi wa adabin Hausa rana ƙwarai, amma tana tsinto wanda ya riga ya iya ne, ta ɗaga mutum uku ko biyar. A zaman 826 ba na ɗaya ba na biyu, duk wanda ya shigo da littafi yake fita, kuma yaron firamare wannan ya fi buƙata.

Kayan aikin ba su fi ƙarfin makarantar da ba ta da majigi ba. Allo da alli za su tsaya a madadinsa, muddin mai rubutu yana rubuta abin da yara suka faɗa, wani kuma yana kwafewa a takarda kafin a goge. Takardar A4 uku in an naɗe su biyu suna ba da shafi 12; aji mai yara 30 zai ci takarda 90 da kwali 30 na bango, wato rim ɗaya mai 500 zai ɗauki aji biyar. In babu na'urar ɗinke takarda mai dogon hannu da za ta kai tsakiya, allura da zare sun wadatar, huda uku a kan naɗin. Inda sai an je shagon fotokwafi, a raba zaman kwana biyu, amma kada littafin ya wuce washegari, don zumuɗin yaro ba ya jiran mako. Ajin da ya kai 70 ko 80 a kasa shi uku, in ba haka ba ƙuri'a da surutu za su cinye lokacin. Ɗaliban babbar sakandare ko na kwalejin ilimi za su iya zaman tebur in an yi musu horon awa ɗaya kan abu biyu: tambaya, da barin fensir a hannun yaro. Hoton yaro kuma ba ya shiga littafi sai da yardar iyaye. Inda ba a samu ba, ya zana kansa.

Batun harshe shi ne inda yaran Mission da namu suka fi kama, domin dukansu da wani harshe suke tunani a gida, da wani ake auna su a makaranta. Yaron da aka ce ya ƙirƙiri labari kuma ya yi shi da Turancin da bai nuna a bakinsa ba, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, kuma labarin ne zai fara faɗuwa. A bar shi ya yi da Hausa. In za a buga a kwamfuta, a tabbata mai bugawa yana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, tun kafin yara su zauna, kada littafinsu na farko ya koya musu rubuta ƙasa babu lanƙwasa. Mako guda bayan zaman, malami ya ware darasi ɗaya: yara biyar ko shida su karanta ƙarshensu a gaban aji, sauran su yi wa kowanne tambaya ɗaya, sannan kowa ya sake rubuta nasa a littafin aiki. A wannan daftari na biyu ne ake shigo da gyaran kalmomi da alamomin rubutu, kuma ko a nan kada a ja layi ƙarƙashin kuskure fiye da uku ko huɗu a shafi.